Lamirin Wanda Ba Ya Nan: Tarihin Wata Tambaya Tsakanin Nahawu da Tafsiri

Malaman nahawun Larabci sun jera sanannun sunaye, wato ma'arifa, daraja-daraja, kuma mafi yawansu sun ɗora lamiri a kan gaba, ba abin da suka fifita a kansa sai sunan Allah Maɗaukakin Sarki. Malaman tafsiri kuwa, da wuya a buɗe mujalladi guda na littattafansu ba a tarar da saɓani a kan inda wani lamiri ya koma ba, saɓanin da wani lokaci yakan kai ga hukuncin tsarki, ko wurin tsayawa a karatu, ko matsayin wani sahabi. Ta yaya kalmar da aka ce ta fi kowace tantance mai ita ta zama wadda aka fi jayayya a kan wa take nufi? Amsar ba ta fito a zama ɗaya ba. Ta ɗauki kusan ƙarni shida, daga Basra ta zamanin Sibawaihi zuwa ƙasar Farisa ta zamanin Adududdin al-Iji.

Kalmar "lamiri" kanta Larabci ce, asalinta ḍamīr, ta shigo Hausa ta hanyar da "alƙali" da "alwala" da "farilla" da "lalura" suka bi, inda harafin ḍād ya koma lam a bakin malaman zaure. Tushenta yana ɗauke da ma'anar ɓoyewa da ta ramewa, shi ya sa ake kiran abin da mutum ya ɓoye a zuci da wannan suna, ake kuma kiran 'yar gajeriyar kalmar da ke tsayawa a madadin suna da shi. Masu nazarin Hausa a boko sun fi cewa "wakilin suna".

Tun kafin a rubuta littafin nahawu ko ɗaya, lamiri ya riga ya zama abin lura. Imam Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Hatim cewa wani mutum ya yi huɗuba a gaban Annabi (SAW), ya haɗa Allah da ManzonSa cikin lamiri guda na biyu-biyu a wajen ambaton saɓa musu, Annabi ya aibanta huɗubar, ya umarce shi ya faɗi sunayen a fili. Alƙali Iyal ya ga dalilin shi ne haɗawar tana iya sa a zaci daidaitawa, Nawawi kuma ya ga cewa huɗuba wurin shimfiɗa bayani ce, taƙaitawa ba ta dace da ita ba. A cikin Sira, Ibnu Ishaƙ ya kawo cewa wakilan Kiristocin Najran sun kafa hujja da lamirin jam'i da Allah Yake ambaton kanSa da shi, suka ce da Shi ɗaya ne da bai ce "Mu" ba. Ibnu Ƙutaiba (ya rasu 276 bayan Hijira) da waɗanda suka biyo shi sun amsa da al'adar Larabawa: mai mulki yana cewa "mun yi" alhali shi kaɗai ne mai maganar. Bahaushen da ya taɓa sauraron jawabin sarki ranar hawan salla ba ya bukatar dogon sharhi a nan.

Akwai kuma riwayar da ake jingina wa Sayyidina Ali, Allah Ya yarda da shi, cewa ya koya wa Abul Aswad ad-Du'ali (69H) kasuwar sunaye zuwa bayyananne, da ɓoyayye, da wanda ba wannan ba ba wancan ba. Masu bincike da dama suna ganin tsarin ya yi wa ƙarni na farko girma. Ko da na baya ne suka tsara labarin, ya nuna inda suke ganin lamiri ya cancanci zama, wato cikin darasin farko.

Abin da ke hannu tabbatacce shi ne al-Kitab na Sibawaihi (wajen 180H), ɗalibin Halilu ɗan Ahmad. A cikinsa "idmar" tana nufin abu biyu: kalmar da aka shafe daga magana amma ana nufinta, da kuma sunan da aka ɓoye aka bar alama a gurbinsa. Abin da yau ake kira lamiri, shi yakan kira shi alamar ɓoyayyen suna. Dalilin da ya bayar na shigar da shi cikin ma'arifa ya cancanci a tsaya a kai: mai magana ba ya ɓoye suna sai bayan ya san wanda yake yi wa magana ya gane wa ake nufi. Sanin ba ya cikin kalmar ke nan, yana tsakanin mutum biyun da ke zancen. Daga nan ne sunayen nan uku da kowane almajiri ya haddace suka kafu: mutakallim, mai magana, mukhaɗab, wanda ake yi wa magana, ga'ib, wanda ba ya nan. Malaman Yunan sun ƙidaya su ƙidaya, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma haka nahawun Turai ya gada. Larabawa sun raɗa musu suna daga matsayinsu a majalisar magana, biyu suna zaune, ɗaya ba ya wurin.

Shahararriyar muhawarar da tarihin nahawu bai manta ba, a kan lamiri aka yi ta. An yi ta a Bagadaza, a majalisar waziri Yahaya ɗan Halid al-Barmaki, zamanin Haruna Rashid. Kisa'i (189H), shugaban malaman Kufa kuma ɗaya daga makarantan nan bakwai, ya tambayi Sibawaihi game da wata magana ta Larabawa: mutum ya zaci harbin kunama ya fi na rina zafi, sai ya tarar duk ɗaya ne. Shin a ƙarshen jimlar "hiya" za a ce, lamirin rafa'u, ko kuwa "iyyaha" ma, lamirin nasabu, ya halatta? Sibawaihi ya ce na farkon kaɗai. Kisa'i ya ce duka biyun. Aka kira Larabawan ƙauye da ke ƙofar fada, suka goyi bayan Kisa'i. Riwayoyi sun bambanta, wasu sun ce an ba su wani abu, wasu sun ce sun san matsayin Kisa'i a wurin Halifa ne kawai. Sibawaihi ya bar Bagadaza ya nufi Farisa, bai daɗe ba ya rasu yana da ƙuruciyarsa. Ibnu Hisham (761H) ya sake duba shari'ar cikin Mugnil Labib, ya nuna cewa abin da Sibawaihi ya faɗa shi ne ya dace da Alƙur'ani, kamar a aya ta 20 ta Suratu Ɗaha inda sandar Annabi Musa ta zama macijiya, wanda Kisa'i ya halatta kuwa, in ma an ji shi, ya fita daga ƙiyasi. Ainihin abin da aka yi jayayya a kai ya wuce kunama da rina: shin duk abin da aka ji daga bakin Balarabe hujja ne, ko sai wanda ya yawaita har aka gina ƙa'ida a kansa?

Makarantun biyu sun ci gaba da saɓawa har a suna. Basra ta ce mudmar da damir, Kufa ta ce kinaya da makni, kamar yadda ake gani a Ma'anil Ƙur'an na Farra'u (207H). Lamirin da ke shiga tsakanin mubtada da habari, wanda Bahaushe ke fassarawa da "shi ne", Basra ta kira shi fasl domin yana raba habari da sifa, Kufa ta kira shi imad, wato ginshiƙi. Wanda ke zuwa a farkon zance ba ya komawa ga komai sai jimlar da ke bayansa, kamar na farkon Suratul Ikhlas a wurin masu wannan ra'ayi, Basra ta ce lamirin sha'ani, Kufa ta ce majhul. Sun yi ja-in-ja a kan ko "huwa" duka ne suna ko harafin ha kaɗai, da kuma "iyyaka": Halilu ya ce "iyya" lamiri ne da aka raɓa wa kaf, mafi yawan Basrawa suka ce kaf ɗin harafi ne mai nuna wanda ake yi wa magana, Kufawa suka juya abin suka ce kaf ne lamirin, "iyya" madogara ce kawai. Abul Barakat al-Anbari (577H) ya tara irin waɗannan cikin al-Insaf, mai mas'aloli 121. Yawancinsu ba sa canza ma'anar aya ko ɗaya, kuma ba laifi ba ne ɗalibi ya wuce su da sauri.

Wadda ba a wucewa ita ce mas'alar wace ma'arifa ce ta fi sanuwa. An jingina wa Sibawaihi da jumhuru cewa lamiri ne, wasu suka ce sunan yanka, Ibnus Sarraj (316H) ya ce sunan nuni, domin ana gane shi da ido da zuciya gaba ɗaya. Ibnu Malik (672H), mutumin Jayyan ta Andalus da ya rasu a Dimashƙa, shi ya lura cewa tambayar ta haɗa abubuwan da ba jinsi ɗaya ba. A cikin at-Tashil ya fasa lamiri: na mai magana a gaba, sai na wanda ake yi wa magana, sai sunan yanka, sa'an nan na ga'ib, shi ma da sharaɗin ya kuɓuta daga ruɗu. Wanda ya ce "ni", muryarsa ce shaidarsa. Wanda aka ce wa "kai", fuskantarsa da aka yi ta isa. "Shi" kuwa ba shi da jingina sai abin da ya gabata a magana ko a sanin mai sauraro. Ibnul Hajib (646H) ya riga ya sa wannan cikin ma'anar lamiri a al-Kafiya, inda ya sharɗanta wa na ga'ib kaɗai cewa sai ambatonsa ya gabata, a lafazi ko a ma'ana ko a hukunci.

Da wannan rarrabewa rabin tambayar ya warware, domin kusan duk saɓanin malaman tafsiri a kan lamirin ga'ib yake. Sun ba shi kulawa ta musamman. Suyuɗi (911H) ya ambata a al-Itƙan cewa Abubakar ibnul Anbari (328H) ya rubuta mujalladi biyu a kan lamiran Alƙur'ani, ya kuma kawo daga Makkiyyu ɗan Abu Ɗalib cewa ba ayar da ta fi ta 31 ta Suratun Nur yawansu, tana da 25. Zarkashi (794H) a al-Burhan da Suyuɗi bayansa sun tace ƙa'idoji: asali lamiri ya koma ga abin da ya fi kusa, idan na kusan raɓaɓɓen suna ne, ya koma ga wanda aka raɓa, domin shi ake zance a kai, idan lamirai suka jeru, abin da ya fi shi ne makomarsu ta zama ɗaya, yana kuma iya komawa ga abin da ba a ambata ba saboda sanuwarsa, kamar Alƙur'ani a farkon Suratul Ƙadr. Kowace ƙa'ida daidai take a kan kanta. Wahalar ita ce sukan yi karo cikin aya ɗaya.

A Suratul Waƙi'a, ayoyi 77 zuwa 79, an ambaci Alƙur'ani, aka ambaci ɓoyayyen littafin da yake ciki, sa'an nan aka kore shafa daga kowa sai tsarkaka. Shafar wanne? Idan lamirin ya koma ga na kusa, to littafin da ke sama ake nufi, tsarkakan kuma mala'iku ne. Idan ya koma ga wanda ake zance a kai, to Alƙur'ani ne, ayar ta zama hani ga mara alwala ya taɓa Mus'hafi. Abin lura ga mabiya mazhabar wannan ƙasa shi ne, Imam Malik a Muwaɗɗa ya ce mafi kyan abin da ya ji game da ayar shi ne tana matsayin ayoyin Suratu Abasa masu zancen takardu a hannun mala'iku, amma duk da haka ya hana mara tsarki ɗaukar Mus'hafi, ya dogara ga wasiƙar Annabi (SAW) zuwa ga Amru ɗan Hazm. Bai tilasta wa lamirin ɗaukar hukuncin da yake da wata hujja a kansa ba. Ibnu Hazm (456H), wanda bai inganta wasiƙar ba, ya halatta taɓawar.

Shi dai Ibnu Hazm ya riƙe ƙa'idar kusanci a aya ta 145 ta Suratul An'am, inda aka ambaci naman alade aka siffanta shi da ƙazanta. Ya ce lamirin na aladen ne, saboda haka nassi ya game kitsensa da fatarsa da gashinsa. Abu Hayyan (745H) a al-Bahrul Muhiɗ ya rinjayar da cewa na naman ne, domin nama ake zance a kai. Ba wanda ya halatta ci a cikinsu. Inda abin ya yi tasiri shi ne ta wace hanya haramcin sauran sassan ya tabbata, da kuma ko jikin dabbar najasa ne tana raye, kamar yadda Shafi'iyya suka tafi, ko kuwa duk mai rai tsarkakakke ne, kamar yadda ya shahara a Malikiyya.

Wasu wuraren sun shafi aƙida da tarihi. A ayar kogo, ta 40 ta Suratut Tauba, natsuwar da aka saukar, ga Annabi ne ko ga Abubakar? Masu kula da haɗuwar makoma sun ce ga Annabi, tunda lamirin da ke biye na ƙarfafawa da runduna nasa ne ba shakka. Alƙali Abubakar ibnul Arabi (543H) ya ƙarfafa cewa ga Abubakar ne, domin shi ne ya ji tsoro a kan Annabi. A aya ta 33 ta Suratul Ahzab, zance yana tafe da lamirin jam'in mata ga matan Annabi, sai ya koma na jam'in maza a wajen tsarkake mutanen gida, sa'an nan ya dawo na mata. Shi'a sun kafa hujja da sauyin cewa an fita daga zancen matan. Malaman Sunna irin su Ƙurɗubi da Ibnu Kasir sun ce ayar ta haɗa matan da waɗanda hadisin mayafi ya ambata, an rinjayar da lamirin maza ne bisa al'adar harshe, kamar yadda aka yi wa matar Annabi Ibrahim magana a aya ta 73 ta Suratu Hud.

Malaman balaga sun kalli sauyin lamiri ta wata fuska. Abu Ubaida ya lura da shi a Majazul Ƙur'an, Ibnul Mu'utazz ya sa shi cikin Kitabul Badi'i da ya rubuta a 274H da sunan iltifat, wato waiwaye. Zamakhshari (538H) ya bayyana shi a Fatiha: bawa yana ambaton Ubangiji kamar wanda ake ba da labarinSa, sifa bayan sifa, har saninsa ya kai ya fuskance Shi kai tsaye da "Kai". Liya'uddin ibnul Asir (637H) ya kira shi jaruntar Larabci, lafazin da Ibnu Jinni ya riga shi amfani da shi. Lokacin da Theodor Nöldeke na Jamus ya lissafa irin wannan sauyi cikin abin da ya ɗauka rauni ne na salo a 1910, yana magana ne a kan babin da aka shafe ƙarni goma ana sharhinsa. Muhammad Abdel Haleem ya mayar masa da martani a wata maƙala ta 1992.

Sauran rabin tambayar ya faɗa hannun malaman usulu da manɗiƙ. Me kalmar "ana" take nufi a asalin ajiye ta? Shihabuddin al-Ƙarafi (684H), Bamalike na Masar, ya saɓa wa masu cewa ma'anarta ayyananniya ce. Hujjarsa ita ce, da an ajiye ta domin mutum guda, da ba ta dace da waninsa ba sai da sabuwar ajiyewa, alhali kowa yana cewa "ni". Ya ce ma'anarta gamammiya ce, wato mai magana ko wane ne. Amma in haka ne, me ya sa ba a taɓa amfani da ita ga gamammiyar ma'anar ba, kullum sai ga mutum ɗaya tak? Abu Hayyan ya raba gardama da cewa gamammiya ce a ajiyewa, ayyananniya a amfani, Taftazani (792H) ma kusa da nan ya tsaya.

Al-Iji (756H) ya kawo mafita cikin wata risala da ba ta wuce shafi biyu ba. Ya ce wanda ya ajiye kalmar ya hango gamammiyar ma'ana ne a matsayin abin dubawa kawai, ta cikinta ya ajiye kalmar domin kowane ɗaya daga ɗaiɗaikun da ke ƙarƙashinta, a lokaci guda. Ajiyewar ta game, abin da aka ajiye dominsa keɓantacce ne. Saboda haka kalmar ba ta tantance kowa sai da ƙarina: ga lamiri ƙarinar ita ce zancen da ake ciki, ga sunan nuni ishara ce ta gaɓa, ga mausuli jimlar da ke biye da shi. Sayyid Sharif al-Jurjani (816H) ya goyi bayansa, Ali Ƙushji da wasu suka yi sharhi, har risalar ta haifi fanni mai zaman kansa, ilmul wad'i, da aka karantar a makarantun Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Azhar. Maganar Sibawaihi ce ta dawo da tufafin manɗiƙ. Lamiri ya fi kowa sanuwa ga wanda ke cikin majalisar, wanda ya zo daga baya kuwa, yana karanta rubutu, sai ya sake gina majalisar daga siyaƙi da sababin sauka da hadisi, kuma a nan ne fahimta ke bambanta. Ba mamaki da Émile Benveniste na Faransa ya so nuna, a maƙalarsa ta 1946, cewa mutum na uku ba jinsin na ɗaya da na biyu ba ne, ya kafa misali da sunayen nan uku na malaman Larabci.

Wannan gado ya iso ƙasar Hausa ta Ajurumiyya da Alfiyya, da kuma rubuce-rubucen Shaikh Abdullahi ɗan Fodiyo (ya rasu 1829 Miladiyya), mai al-Bahrul Muhiɗ a nahawu da Liya'ut Ta'awil a tafsiri. Mai fassara zuwa Hausa yana da sa'ar da mai fassara zuwa Ingilishi ba shi da ita, domin "kai" da "ke" suna riƙe bambancin "anta" da "anti". Amma "ku" ba ta raba maza da mata, don haka sauyin da ke ayar Ahzab yakan ɓace gaba ɗaya a kunnen mai sauraron tafsirin azumi in malamin bai tsaya ya nuna shi ba, kamar yadda "su" ba ta nuna biyu-biyun da aka aibanta wa mai huɗubar nan sai an ƙara "su biyu".

Rubutun boko ya ƙaro wani nauyi da ajami bai sani ba. Marubutan addini, ciki har da Shaikh Abubakar Mahmud Gumi a fassararsa, sun saba fara lamirin da ke komawa ga Allah da babban baƙi. A aya ta 9 ta Suratul Fathi lamirai uku sun jeru bayan ambaton Allah da ManzonSa: na ƙarfafawa, da na girmamawa, da na tasbihi. Na ukun na Allah ne ba jayayya. Zamakhshari ya ce duka ukun naSa ne, ya ƙi a rarraba su. Wasu suka ce biyun farko na Manzo ne, suka zaɓi a tsaya bayan na biyun kafin a ci gaba da karatu. Harafin Larabcin ɗaya ne a duka ukun, yana ɗauke da fuskokin biyu. Mai rubuta Hausa kuwa dole ya zaɓi "Shi" ko "shi" a biyun farko, mai karatu kuma zai ga ra'ayi guda ne kawai a shafin, sai fa in an yi masa bayani a gefe.